Gilashi ko Raga: Da Me Za a Rufe Murhun Falo Mai Fuska Biyu ko Uku?

A sababbin gidajen da ake tayarwa a Gesse da GRA ta Birnin Kebbi, da ɗaiɗaiku a Argungu da Yauri, an fara ganin abin da a da sai a tsofaffin gidajen Turawa na Jos: murhun jin ɗumi a cikin falo, da bututun hayaƙinsa da ya huda rufi. Masu zanen gidajen kuma ba su tsaya ga mai baki ɗaya ba. Wanda ya fi shiga ran mutane shi ne wanda ake ginawa cikin bangon da ya raba falo da wurin cin abinci, ana hango wutar daga nan, ana hango ta daga can. Akwai na kusurwa, mai fuska biyu da suka haɗu a gwiwa. Akwai mai fuska uku, wanda ke fitowa daga bango ya tsaya tsakar ɗaki. A takarda duka gwanin sha'awa. Rigima tana tashi ne ranar da magini ya kwashe kayansa, aka bar maigida da baki biyu ko uku a hangame, ana tambayarsa da me za a rufe, ƙofar gilashi ko ragar ƙarfe.

Idan aka tambaye ni, nakan ce a fara ƙirga dararen da za a hura wutar. Sanyinmu na gaske daga Disamba ne zuwa tsakiyar Fabrairu, kuma ko a nan ba kullum ba. Akwai shekarar da hunturu zai zo da ƙura tsagwaronta, ɗarin bai taka kara ya karya ba. Daren da ya yi tsanani ma'auni kan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa kaɗan. Daga Maris zuwa Mayu kuwa ana haura 40, ba mai son ko kallon murhu. Ke nan wata 9 zuwa 10 abin nan rami ne kawai da ya haɗa falonka da sararin sama. Ta nan ƙura take sauka kan kujeru. Ta nan iskar bazara mai zafi take gangarowa ta cinye sanyin esin da aka saya da tsadar man janareta. Ta nan ƙadangare da jemage da sauro ke samun ƙofa, da damina kuma warin tsohuwar toka da ta ji laima ya cika ɗaki. Takardun tallan da ke zuwa da waɗannan kaya an rubuta su ne domin mutanen da ke kwana da wuta rabin shekara. Mu a nan, murfin da za ka saya yawancin aikinsa zai yi shi ne babu wuta a ciki, kuma a wannan aiki raga ba ta da abin cewa. Tana tare ƙadangare, ƙura da iska kuwa wucewa suke abinsu.

Wannan ya ɗora gilashi a gaba tun ba a je ko'ina ba. Sai dai kafin a yi maganar wane gilashi, dole a yi ta hayaƙi, domin shi ne ciwon murhu mai fuska da yawa, kuma shi ne ke yanke hukuncin da maigida yake zaton shi ya yanke.

Bututun hayaƙi kamar kwalbati yake: akwai iyakar abin da zai iya haɗiyewa, abin da ya ƙaru sai ya malala ta gefe. Ƙa'idar da magina murhu suka daɗe suna bi ita ce girman ramin bututu ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na girman bakin murhu, wato faɗinsa sau tsayinsa. A ce bakin santimita 90 ne a kwance, 60 a tsaye. Idan ka ninka, 5,400 ke nan, kashi ɗaya cikin goma kuma 540, wato rami mai kusan santimita 24 kowane gefe ya wadatar. To ka buɗe baki na biyu irinsa a ɗaya ɓangaren. Lissafin ya koma 10,800, ramin da ake bukata ya koma 1,080, kusan santimita 33 kowane gefe. Ka ƙara fuska ta uku mai 50 da 60, yanzu kana neman kusan 38. Yawancin maginanmu ba su taɓa gina murhu ba kafin wannan, abin da suka gani a hoto suka kwaikwaya, sai su yi wa mai baki biyu bututun mai baki ɗaya. Ga gidajenmu na zamani galibi ƙasa ne, ba bene ba, bututun gajere ne, gajeren bututu kuma ba ya ja da ƙarfi.

Sannan ga iskar gilma. Murhu mai baki ɗaya yana da bango a bayansa da ke tura hayaƙi sama. Mai baki biyu masu kallon juna taga ce a buɗe tsakanin ɗakuna biyu. Da an buɗe ƙofar waje a falo, ko an kunna fankar sama a ɗaya ɓangaren, ko mai aiki ta kunna fankar zuƙe hayaƙi a kicin, iska za ta ratsa ta tsakiyar wutar ta kwashi hayaƙi ta juye shi a ɗakin da ya fi ƙarancin iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, don haka gidan da babbar ƙofarsa ke kallon wannan kusurwa ya fi kowa shan wannan wahala. Raga ba ta rage faɗin baki da komai a lissafin bututu, ba ta kuma tare gilmawar iska. Gilashin da aka rufe ruf shi ne ke mayar da baki biyu ya zama ɗaya.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, kuma ban yarda mutum ya ba da kuɗin gilashi ko raga ba sai ya yi shi. Na ga an yi shi a gidan wani dattijo da aka kira mu dubawa, farin silin ɗinsa ya riga ya yi dabbare-dabbare da baƙi a saman murhun.

"Malam, wanga murhu dai ya kore mu daga falo," in ji shi. "Hajiya ta ce a toshe shi da bulo kowa shi huta."

"Alhaji, a yi haƙuri tukuna. A samo mini fallen kwano guda, da kaskon turare."

Aka ɗora kaskon turaren wuta a tsakiyar murhun, ba a hura itace ba. Hayaƙin ya miƙe kamar zai hau, sai ya karkata ya fito ta ɓangaren teburin cin abinci, siriri, yana bin ƙasan silin. Aka rufe ƙofar kicin, ya ɗan daidaita. Aka jingina fallen kwanon ya rufe wancan bakin gaba ɗaya, aka tokare shi da bulo biyu, nan take hayaƙin ya tsaya cak ya shige bututu. Daga nan aka hura ƙaramar wuta, kwanon na nan, ba abin da ya fito. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ashe ba murhun ne mugu ba." Amsar gidan ta fito ke nan: ɓangare ɗaya dole a rufe shi da abin da zai zauna a rufe wuta tana ci. Da hayaƙin ya ci gaba da fitowa duk da kwanon, da ba gilashi ne maganin ba, sai an ƙara wa bututu tsawo ko an rage tsayin bakin da ƙarfe mai faɗin santimita 10 daga sama. Idan kuwa aka yi gwajin baki biyu a buɗe, fanka na juyawa, hayaƙi bai fito ba, to maginin ya iya aikinsa, kuma raga ta shigo cikin zaɓi da ƙarfinta.

"Abin da zai zauna a rufe wuta tana ci" shi ne inda mutane da yawa ke asarar kuɗi, domin gilashi iri uku ne, a ido kuma kusan duk ɗaya suke.

Na farko gilashin taga ne, wanda masu aikin alminiyum ke yankawa a shago. Wannan ba ya cikin zance. Ba zafin kansa ke fasa shi ba, bambancin zafi ne: tsakiyarsa da ke fuskantar wuta ta buɗe, gefensa da ke cikin firam yana nan da sanyi, bambancin digiri 40 ko makamancin haka ya isa ya tsaga shi. Kuma idan ya fashe, manyan ɓaraguzai masu kaifin wuƙa yake zubarwa. Kaurinsa ba ya cetonsa. Mai milimita 10 ma ya fi saurin tsagewa da zafi, duk da mai shago zai rantse maka cewa mai kauri ba ya jin wuta. Gilashin gaban mota shi ma a bar shi inda yake, akwai leda a tsakiyarsa.

Na biyu shi ne gasasshen gilashi, wanda 'yan kasuwa ke kira tamfad. Ana gasa shi ne sama da digiri 600 sannan a huce shi farat ɗaya da iska, sai ya fi na taga ƙarfi sau 4 zuwa 5. Idan ya fashe yakan dagargaje ƙanana-ƙanana marasa kaifi sosai, irin yadda gilashin gefen mota ke yi, domin shi ma tamfad ne. Yawancin ƙofofin murhu da ake sayarwa a Amurka da shi ake yin su. Amma iyakarsa wajen digiri 250 ne, harshen wutar itace kuwa yana wuce 600. Shi ya sa masu ƙera su ke rubutawa ƙarara cewa a bar ƙofar a buɗe muddin wuta tana ci sosai, sai ta lafa ta koma garwashi a rufe. Ka duba abin da wannan ke nufi ga mai murhu baki biyu. Ka sayi ƙofa don ta hana hayaƙi, amma lokacin da hayaƙin ke tashi shi ne lokacin da aka ce ka buɗe ta. Tamfad murfi ne na watannin hutu da na ƙarshen dare, ya iya wannan aiki ƙwarai, kuma yana da haske tar babu launi. Maganin hayaƙi dai ba ya yi.

Na uku gilashin siramik ne, ɗan gidan su baƙin farantin nan na saman murhun girki na lantarki. A shekarar 1953 wani masani a kamfanin Corning na Amurka, Donald Stookey, ya gano wannan nau'i. Sunayen da za ka ji a kasuwa su ne Robax na kamfanin Schott da ke Jamus, da Neoceram na Nippon Electric Glass da ke Japan, da Pyroceram. Sirrinsa shi ne kusan ba ya buɗewa ko kaɗan idan ya ji zafi, don haka bambancin tsakiya da gefe ba ya damunsa, kuma yana ɗaukar digiri 700 ba tare da ya yi gezau ba. Ba shi da kauri, milimita 4 ko 5 ne, yana da ɗan launin ruwan zuma idan ka kalle shi ta gefe. Yana barin ɗumi ya ratso fiye da tamfad. Ana iya yanka shi bayan an kawo, abin da ba zai taɓa yiwuwa da tamfad ba. Aibinsa biyu ne. Tsada, don ya ninka tamfad sau da yawa kuma daga waje ake shigo da shi. Sai kuma rashin jure duka: wuta ba ta fasa shi, amma guntun itace da aka jefa da ƙarfi ko ƙafar kujera za su iya, kuma fashewarsa irin ta gilashin taga ce, manya-manya.

Yanzu a ba raga haƙƙinta, don kada a ce na zo ne da tallar gilashi. A daren da ake jin ɗari, ba abin da ya kai ta. Murhun buɗe dama yawancin zafinsa bututu yake bi ya tafi. Abin da ke isowa jikin mutum shi ne hucin da ke fitowa kai tsaye daga harshen wuta da garwashi. Raga tana barin mafi yawan wannan huci ya wuce, rufaffen gilashi kuwa yana tare kaso mai yawa. Da raga kana jin ƙarar itace yana fashewa, kana jin ƙamshinsa, yara suna miƙa tafin hannu. Ba ta yin baƙin da zai hana ganin wuta. Ba ta fashewa. Kuma ita kaɗai ce cikin kayan nan za a iya yi maka a garin nan, a zo a auna da safe, a kawo a gwada, idan ba ta zauna ba a mayar a gyara. Duk mai walda mai hankali a Birnin Kebbi ko Jega zai iya. Aikinta na asali tare tartsatsi ne da guntun itacen da ya gangaro, kuma murhu mai baki biyu yana watsa tartsatsi ɓangare biyu, galibi ɗaya ɓangaren ba kowa a zaune.

Amma ba kowace waya ce ragar murhu ba. Ragar sauro ta taga, ta roba ce ko ta alminiyum, ba ta shiga nan. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, yana kuma yin laushi tun kafin ya kai can. Wayar kejin kaji da danginta masu ruwan tutiya a jiki, idan suka ji wuta tutiyar tana ƙonewa ta ba da hayaƙin da ke sa zazzaɓi da ciwon kai, masu walda sun san shi. Abin nema baƙin ƙarfe ne zalla ko kuma sitenles, mai ido ƙanana, kada ya wuce milimita 6. Wanda ke Yauri ko wani gari na bakin Kwara, inda laima ta fi yawa, gara ya daure ya sayi sitenles, in ba haka ba damina biyu tsatsa ta cinye ƙasan ragar. Fenti kuma sai mai jure zafi, irin wanda ake fesa wa salansar mota. Fentin mai na ƙofar gida zai yi ƙuraje ya cika falo da wari.

Raga ma kala-kala ce. Akwai ta jinginawa mai ƙafafu, wadda ake ɗauka a ajiye. Akwai mai kama da labule, ta sarƙaƙƙiyar waya, tana zamewa a kan sanda. Akwai mai firam da hinji da sakata, kafe a jikin gini. Ta jinginawa ita ce mafi araha, ita ce kuma ban so a gidan da ke da yara ko yawan baƙi. Babbar riga ɗaya ta share ta sai ta kife, mai fuska uku kuma sai ka jera guda uku kana gadin kowace. Labulen waya yana da kyau a murhun kusurwa domin sandar tana iya lanƙwasa ta zagaye gwiwar, sai dai yana tare tartsatsi ne kawai, itacen da ya gangaro zai ture shi. Mai firam da sakata ita ce ta gidan iyali.

Maganar yara tana da wani juyi da iyaye ba su cika zato ba. Ana ɗauka gilashi ya fi aminci tunda ya rufe wutar. Ga tartsatsi da gefen hijabi ko mayafi, haka ne. Ga tafin hannun mai rarrafe kuwa, gilashi ya fi haɗari. Fuskarsa takan haura digiri 200, ba ya nuna alama, kuma yana riƙe zafin tsawon lokaci bayan wuta ta mutu, lokacin da manya sun saki jiki sun tashi. Yaro yana ganin haske sai ya dafa da hannu biyu ya jingina. Yawan ƙunar yara irin wannan ne ya sa a Amurka da Kanada, daga 1 ga Janairun 2015, aka wajabta wa sababbin murhunan gas masu fuskar gilashi zuwa da ragar kariya a gabansu. Raga ita ma tana zafi, amma siririyar waya ba ta tara zafi kamar faranti, tana kuma saurin hucewa. Saboda haka duk fuskar gilashin da ke ƙasa inda yaro zai kai, a sa mata raga a gaba da tazarar 'yan santimita. A gidajenmu da ake zama a ƙasa kan darduma, jikoki suna zirga-zirga, ban ga dalilin yin jayayya da wannan ba.

To ga yadda nake raba su bisa siffar murhu. Mai baki biyu masu kallon juna, wanda ya faɗi gwajin kasko: siramik kafaffe a ɓangaren da iska ta fi gilmawa, galibi wajen teburin abinci da ƙofar kicin; a ɓangaren falo inda ake zuba itace kuma, raga mai sakata, da ƙofar tamfad a gabanta wadda za a buɗe lokacin wuta a rufe sauran shekara. Kuɗin siramik na fuska ɗaya kawai ka biya, ka sami ganin wuta daga ɗakuna biyu, ka sami ɗumi inda ake zama. Kafaffen nan dai a ɗaure shi da sukuru yadda za a iya kwance shi a goge, kada a like shi har abada. Wanda ya ci gwajin kuma, raga da tamfad a kowane ɓangare sun ishe shi, ya riƙe kuɗin siramik ya yi wani abu. Na kusurwa yawanci gajeriyar fuskar ce ake kafewa da siramik a bar doguwar. Mai fuska uku shi ne mai cin kuɗi, domin da wuya bututunsa ya iya da baki uku a buɗe, sai an rufe biyu. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ya rufe fuska ɗaya da farantin ƙarfe mai ado ko jan bulo. Ya rasa kallo ta gefe ɗaya, amma ya fi ya sa tamfad inda ba wurinsa ba yana jiran ranar da zai tarwatse a kan baƙi.

Masu son a rufe dukkan fuskoki da siramik, kamar yadda suke gani a hotunan otal, su sani sun canja wa murhun hali. Rufaffiyar wuta ta fi zafi nesa ba kusa ba, kuma tana bukatar ƙofar shan iska ta ƙasa, in ba haka ba ta shaƙe ta turnuƙe gilashin da baƙi. Cikin murhun kuma dole ya zama bulo mai jure wuta. Bulon siminti da filasta, wanda shi ne a hannun maginanmu, zai tsattsage ya riƙa zubowa, katakon rufi da silin roba da ke kusa da bututu kuma su shiga haɗari. Idan kuwa murhun na ƙarfe ne da aka shigo da shi a kwali, to ƙofar kamfaninsa kaɗai ake sa masa, domin yana da ramukan shan iska da ke sanyaya jikinsa, ƙofar da mai walda ya ƙera za ta iya toshe su.

Awo shi ne inda aikin gilashi ke lalacewa. Bakin da magini ya yi ba ya taɓa zama daidai; a auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, tsayi a hagu da tsakiya da dama, kowace fuska da nata awon, kada a ce ai ɗaya suke. Abin da ya fi shi ne a fara ƙera firam ɗin ƙarfe a kafa shi, sannan a yanka filawud daidai ramin firam, da wannan filawud za a yi odar gilashi. Tamfad sai an aika awo masana'antar da ke gasa shi, galibi Legas, kuma da ya zo da ƙarin milimita 3 ba a iya rage shi, da an taɓa gefensa da abin yanka ya zama tsakuwa. Firam da ya hau kan fuskar gini ya rufe gefen baki ya fi yafe kuskuren magini a kan wanda ake cusawa ciki. A kusurwar da gilashi biyu za su haɗu, ana iya barin su baki da baki ba ginshiƙi, ya fi kyau a ido. Amma da ginshiƙin ƙarfe siriri ya fi sauƙin yi, ya kuma kare gefen gilashi, wanda nan ne lagonsa.

Kada gilashi ya taɓa ƙarfe kai tsaye. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 200, yakan miƙe da kusan milimita biyu da rabi, siramik kuwa yana nan yadda yake. Idan an matse su tare, firam ɗin ne zai fasa gilashin, a zo ana zagin mai sayarwa. Ana sa igiya ko tef na zaren gilashi mai jure wuta a tsakani, a bar 'yar tazara, a ɗaure sukuru da hannu ba da ƙarfin tsiya ba. Robar taga da silikon ɗin banɗaki ba su da wuri a nan. A gaban kowace fuska da ake buɗewa kuma a bar santimita 40 zuwa 50 na tayil ko dutse, kafet ya tsaya bayan nan. Ƙofa mai naɗewa biyu ta fi dacewa da wurin da ake wucewa, don mai ganye ɗaya babba idan aka buɗe ta sai ta tare hanya da gilashi mai zafi.

Kula da su ba wuya, sai dai gilashi ya fi neman hannu. Da ɗanyen itace dare ɗaya ya isa ya rufe shi da baƙi. Busasshen marke ko ƙirya suna ci da tsabta suna daɗewa, kodayake ganin yadda daji ke ƙarewa, har Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 da ake yaƙi da kwararowar hamada, ni na fi son a yi amfani da rassan darbejiya da aka sassabe a gida a bar su su bushe. Idan gilashi ya huce sarai, a jiƙa takarda a dangwali farar toka mai laushi a goge, sannan a bi da busasshiya. Ƙurar hunturu kuwa akwai yashi a cikinta, a fara kaɗe ta kafin a goga, in ba haka ba ta kakkarce fuskar. Kada a watsa wa tamfad ruwa yana da zafi. Kananzir, fetur, leda da guntun katako mai fenti duk ba sa shiga murhu.

Gawayi fa? Mutanenmu da kasko suka saba, kuma hannu yakan kai ga buhun gawayi tunda ba ya hayaƙi. Rashin hayaƙin nan ne abin tsoro. Gawayi yana fitar da iskar nan mai kisa da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke hallaka masu kwana da janareta a cikin gida, kuma da yake zafinsa ba ya tashi da ƙarfi kamar harshen wuta, gajeren bututu ba ya jan ta yadda ya kamata. Da hunturu ga tagogi a rufe gam saboda ƙura. Ko raga ko ƙofar gilashi, ba wadda aka yi don ta tare wannan iska. A bar taga ɗaya a ɗan buɗe, idan bututun yana da murfi a maƙogwaronsa kada a rufe shi sai toka ta yi sanyi, a kuma rataya na'urar gargaɗi mai gano wannan iska, mai aiki da batir, a falo da hanyar ɗakunan kwana. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, a fita waje tukuna, a yi bincike daga baya.

Wajen saye, tamfad na gaskiya yakan zo da ɗan hatimi a kusurwa da ba ya gogewa, kuma idan ka kalle shi a rana da tabarau mai tace ƙyalli za ka ga wasu tabo-tabo ko layuka a jikinsa. Siramik kuwa ka nemi sunan kamfani da takardar da ta nuna digirin da yake ɗauka. Mai sayarwar da ya ce maka "mai jure zafi ne, Alhaji" amma ya kasa faɗin ko digiri nawa, tamfad ne a hannunsa, in ma ba gilashin taga ba. A sa a rubuta nau'in gilashi da kaurinsa a rasit. A yi odar tun watan Oktoba, don masu jira sai sanyi ya shigo sukan karɓi kayansu ne bayan ya wuce, kuma a ce a naɗo shi cikin akwatin katako a tsaye, ba a kwance ƙarƙashin buhuna ba, tunda daga Legas zuwa nan tafiyar sama da kilomita 800 ce a bayan mota.